Wane Sifirin Ya Dace Da Gaban Marsandi W123 Bayan An Sauke Injin Dizal An Ɗora Na Fetur?

Duk wanda ya sauke injin dizal mai silinda biyar daga Marsandi W123 ya ɗora na fetur mai silinda huɗu, abin da zai fara lura da shi ranar da aka sauko da motar daga kan jak shi ne gabanta ya ɗaga. Tazarar da ke tsakanin taya da bakin madigadi ta buɗe, fitilun gaba suna haska sama, in an hau babban titi kuma sitiyari ya yi sakayau. Daga nan sai shawarwari su yi yawa. Wannan bakanike ya ce a yanke sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan ƙafa, wancan ya ce a nemo na wata motar, mai sayar da kaya kuma ya ce akwai na waje mai saukar da mota. Kowanne yana da inda ya dace, amma ba daidai suke ba wajen kuɗi, ƙarko da haɗari.

Motar da ake magana a kanta an ƙera ta daga 1976 zuwa 1986, an kuma fitar da kusan guda miliyan 2.7, shi ya sa har yau kayanta ba su yanke ba a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Injin dizal na samfurin 300D, wato OM617 mai lita 3, bulok ɗinsa da kan injin duka na ƙarfen zubi ne. Injinan fetur kuwa, M102 da ya zo a cikin samfuran W123 200 da 230E daga 1980, da M111 da ake cirowa daga Marsandi C180 ko C200, silinda huɗu ne kuma kansu na alminiyam. A takardun kamfani, bambancin nauyi tsakanin 300D da 230E ya kai wajen kilo 80 zuwa 90, kuma mafi yawansa a kan ƙafar gaba yake. Wannan nauyin da aka ɗauke shi ne ya bar sifirin ya miƙe.

Abin da za a auna zaɓi da shi

Abu na farko shi ne tsayi. A ƙafar gaban W123, sifirin yana zaune ne a kan lowa am, wato hannun ƙarfe na ƙasa da ke riƙe da taya, daga ciki, shokazoba kuma tana gefe da kanta. An tsara ƙafar ta yi aiki a wani tsayi na musamman, inda taya ke da wurin matsawa sama in ta hau tudu, da wurin saukowa in ta faɗa rami. In gaba ya ɗaga da yawa, wurin saukowar ya ragu, shokazoba ta riƙa kaiwa ƙarshenta tana bugawa, tayar kuma ta riƙa barin ƙasa a kan hanya mai gargada. Kwanciyar taya ma tana canzawa, sai ka ga gefe ɗaya yana cinyewa kafin ɗayan.

Na biyu shi ne tauri, kuma a nan ne aka fi rikicewa. Tsawon sifirin daban, taurinsa daban. Tauri shi ne yawan ƙarfin da ake buƙata kafin sifirin ya matse milimita ɗaya, kuma abubuwa uku ne ke yanke shi: kaurin wayar ƙarfen, faɗin zagayen, da yawan zagayen da ke aiki. Kaurin waya ne ya fi tasiri nesa ba kusa ba. Sifirin mai waya milimita 14.5 ya fi mai milimita 14 tauri da wajen kashi 15 cikin ɗari, alhali da ido ba za ka bambance su ba. Yawan zagaye kuma a juye yake aiki: in zagaye ya ragu, tauri ya ƙaru.

Ga lissafi na misali don a ga girman matsalar. A ce an ɗauke kilo 80 daga gaba, kilo 40 ke nan a kan kowace taya. In ƙafar tana matsewa milimita 1 a kan kowane kilo ɗaya da rabi, gaban zai tashi wajen milimita 26 ko 27. Wannan tashi ne da kowa zai gani. Amma ta fuskar jin daɗin tafiya, in nauyin gaba ya ragu da kashi 10 cikin ɗari, saurin lilon ƙafar yana ƙaruwa ne da kashi 5 kacal. Ma'ana, sifirin dizal bai yi wa injin fetur mugun tauri ba, ya dai yi masa tsawo. Wanda ya riƙe wannan ba zai kashe kuɗi a inda babu buƙata ba.

Sauran ma'aunan su ne kuɗi, ƙarko a kan hanyoyinmu, sauƙin aiki, ko za a iya komawa baya in sakamakon bai yi ba, da haɗari.

Kafin a sayi komai

Kada a taɓa sifirin sai an gama haɗa motar gaba ɗaya: giyabos, lagireto da ruwansa, batir, salansa, kwamfiresar iyakwandishan in akwai, da bonet a rufe. Giyabos mai canza giya da kansa ya fi na hannu nauyi, batir ɗin dizal ya fi na fetur girma, kuma duk waɗannan suna shiga lissafi. Kamfanin da kansa ba sifirin ɗaya ya sa wa kowace W123 ba. Yana duba injin da kayan da ke jikin motar, sannan ya zaɓi sifirin da kaurin robar da ke samansa.

Sannan a tuƙa motar 'yan kwanaki, a tsayar da ita a kan siminti mai daidaito da rabin tankin mai, a auna daga tsakiyar wili zuwa bakin madigadi, hagu da dama, gaba da baya. Kada a auna daga ƙasa, domin iskar taya da girmanta suna ɓata awon. In akwai sikelin manyan motoci kusa, a ɗora tayoyin gaba kaɗai a kansa, za a sami nauyin gaban ko da sikelin yana tsallake kilo 10 ko 20.

Akwai abubuwa uku da ke sa a zargi sifirin gaba alhali laifin yana wani wuri. In an ɗaure kusoshin bushin lowa am lokacin da mota ke rataye a kan jak, robar tana murɗewa ta riƙe gaban a sama, don haka a sassauta su a sake ɗaurewa mota na tsaye a kan tayoyinta. In bayan motar ne ya zauna saboda tsufan sifirin baya, ko saboda an sa tukunyar iskar gas a but kamar yadda mutane da yawa suka koma yi tun bayan cire tallafin fetur a 2023, gaba zai yi kamar ya ɗaga fiye da yadda yake. Na ukun ya shafi masu W123 ƙirar wagon: bayanta yana daidaita kansa ne da mai, kuma famfon da ke tura man a jikin inji yake. In an sauke injin ba a tanadi wani famfon ba, baya zai kwanta, kuma babu sifirin gaba da zai gyara wannan.

Zaɓi na ɗaya: a bar sifirin dizal, a canza robar sama

A saman kowane sifirin gaba akwai faifan roba mai kauri huɗu: milimita 8, 13, 18 da 23. Ana gane su da ƙananan ƙulle-ƙullen da ke gefensu, daga ɗaya zuwa huɗu, kuma ana iya ƙirga su ba tare da an kwance komai ba, in an leƙa da tocila. Da yake sifirin yana daga cikin lowa am ne, ba kusa da taya ba, ragin milimita 5 a roba yana saukar da mota fiye da milimita 5, yakan kusanci ninki biyu. Wanda ya tarar da roba mai ƙulli huɗu ya koma mai ƙulli ɗaya zai iya samun saukar da ta kai wajen milimita 25.

Wannan ne mafi araha, kuma ba ya ɓata komai. Matsalarsa ita ce in motar ta riga tana kan roba mai ƙulli ɗaya ko biyu, babu sauran wurin ragewa. Sannan dole a ciro sifirin kafin a canza robar, don haka kuɗin aiki ɗaya ne da na canza sifirin gaba ɗaya. Akwai kuma wani abin da ya kamata a duba: sifirin da ya yi shekara arba'in yana ɗauke da injin dizal ya riga ya zauna. Sau da yawa rage nauyin yana mayar da motar ne kusa da tsayinta na asali, mai ita ne ya saba ganin ta a durƙushe. In awo ya nuna haka, kuma sifirin ba shi da tsatsa mai cin jiki, a ƙyale shi.

Zaɓi na biyu: sifirin 200 ko 230E

Wannan ne nake ganin ya fi dacewa da mafi yawan mutane, kuma dalilin a fili yake. Kamfanin ya riga ya ƙera wannan jikin motar da injin fetur mai silinda huɗu, ya gwada, ya fitar da sifirin da ke ɗaukar wannan nauyin a tsayin da ya dace. Ba sabon bincike za ka yi ba. Sifirin yana shiga gurbinsa ba tare da gyara ba, shokazoba ta asali tana tafiya da shi, kuma lallausar tafiyar da aka san W123 da ita tana dawowa. In an sami ɗan bambanci bayan ya zauna, sai a daidaita da robar sama.

Ana samun sabo daga kamfanoni irin su Lesjöfors na Suwidin, ana kuma samun na hannu da aka ciro daga motocin da aka kwance. Sabo ya fi tsada kuma wani lokaci sai an yi odarsa, amma ka san abin da ka saya. Na hannu yana da araha, sai dai a nan ne ake yawan yin kuskure, domin a tsibin kasuwa sifirin 230E da na 280E mai silinda shida da na 300D duk kamanninsu ɗaya, kuma ana iya cakuɗa su da na wasu ƙirar Marsandi, W126 ko W124 da ake kira Bi-but. Wanda zai saya ya tafi da ma'aunin kauri, ya auna waya, ya ƙirga zagaye, ya tsayar da biyun a ƙasa ya ga ko tsawonsu ɗaya, ya kuma duba ɗigon fentin da kamfani ke sawa a jiki in bai goge ba. A sayi guda biyu daga mota ɗaya. Duk wanda tsatsa ta yi wa rami, musamman a zagayen ƙasa inda ruwa da laka ke taruwa, a ajiye shi, domin daga irin wannan ramin ne karyewa ke farawa. Motocin da suka fito daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi sun fi fama da wannan.

In M111 ne aka ɗora ba M102 ba, nauyinsu bai yi nisa da juna ba, don haka sifirin 230E shi ne wurin farawa a nan ma.

Zaɓi na uku: yanke sifirin dizal

Shi ne abin da aka fi yi a garejojinmu, saboda ba a sayen komai. Ba zan ce haramun ba ne, domin in an yi shi da hankali yana aiki. Amma a san abin da ake yi. In sifirin yana da zagaye 10 masu aiki aka cire ɗaya, taurinsa ya ƙaru da wajen kashi 11 cikin ɗari. Ka ga an ɗauki sifirin da ya riga ya ɗan fi ƙarfin sabon injin an ƙara masa tauri, ga shi bayan motar yana nan da laushinsa. Sakamakon shi ne gaba mai dukan ƙashi a kan gargada, da mota mai son miƙewa in an shiga kwana da gudu.

In dole sai an yanke, a yanka da faifan giranda, kaɗan-kaɗan, rubu'in zagaye a lokaci guda, daidai wa daida a ɓangarorin biyu, kuma daga bakin da ba a daddale shi ba, yadda sabon bakin zai zauna a gurbinsa na lowa am. A goge bakin a shafa fenti. Kowane gwaji yana nufin a ciro, a yanka, a mayar, a tuƙa, a auna, don haka kuɗin aikin yana iya cinye arahar. Abin da aka yanke kuma ba ya dawowa.

Abin da ba shi da wani uzuri shi ne gasa sifirin da wutar walda yana jikin mota har ta zauna. Ƙarfin sifirin ya samo asali ne daga yadda aka gasa shi aka sanyaya a masana'anta. Wutar mai walda tana kashe wannan a wurin da ta taɓa, sai ya ci gaba da zama da kansa, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya, ko ya karye ba sanarwa. Karyewar sifirin gaba a kan hanyar Kano zuwa Zariya da iyali a cikin mota ba abin da za a saya da arahar rana ɗaya ba ne.

Zaɓi na huɗu: sifirin saukar da mota

Kamfanonin Jamus irin su H&R da Eibach sun yi suna wajen sifirin da ya fi na asali gajarta da tauri. Yawanci saiti huɗu ake sayarwa, gaba da baya, don motar ta zauna daidai. Ƙarfensu mai kyau ne, motar tana rage tangaɗi a kwana, tana kuma rage dungurawa in an taka birki. Sai dai an yi su ne don titi mai santsi. Saukar milimita 30 ko 40 tana kusanto da kwanon baƙin mai da salansa ga ƙasa, kuma wanda ya san tudun rage gudu na cikin unguwanninmu da ramukan damina ya san abin da hakan ke nufi. Injin da aka dasa ma sau da yawa kwanonsa ba ya zama daidai inda na asali yake, don haka a auna tazararsa da ƙasa tukuna.

Akwai kuma tarko: in ka sayi wanda aka yi don dizal ko don silinda shida, rage nauyin zai cinye wani ɓangare na saukar, ka biya kuɗi mai yawa ka sami tauri ba tare da zaman da kake so ba. A nemi wanda aka rubuta don silinda huɗu na fetur. Kuma tsohuwar shokazoba ba za ta iya riƙe shi ba, sai an haɗa da sababbi masu ƙarfi irin na Bilstein, wanda ke ninka kuɗin.

Zaɓi na biyar: sifirin oda ko mazauni mai zare

Wanda ya ɗora injin da babu kamarsa a jerin W123, ko ya mayar da batir but, ko ya cire abubuwa da yawa, yana iya ba masana'antar sifirin nauyin kowace taya da tsayin da yake so a naɗa masa. Akwai kuma mazaunin sifirin mai zare da ake murɗawa a ɗaga ko a sauke. Wannan ne mafi daidaito kuma mafi tsada, yana buƙatar awo na gaske da mai aikin da ya san lissafi. Zaren kuma yana cijewa da ƙura da laka in ba a kula da shi. Wani abin da zan ja kunne a kai shi ne haɗa sifirin da shokazoba wuri ɗaya a ɗora a mazaunin shokazoba: wannan mazaunin ba a yi shi don ɗaukar nauyin mota ba, sai an ƙarfafa shi.

| Zaɓi | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙin aiki | Komawa baya | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Canza robar sama | Mafi araha | Gwargwadon lafiyar tsohon sifirin | Sau ɗaya ake kwancewa | Ana iya | Saukar ba za ta isa ba |
| Sifirin 200/230E sabo | Matsakaici | Mai kyau sosai | Yana shiga kai tsaye | Ana iya | Jiran oda, jabun kaya |
| Sifirin 200/230E na hannu | Araha | Ya danganta da tsatsa | Sai an iya zaɓe | Ana iya | Sayen na wata motar |
| Yankewa | Kuɗin aiki kawai | Matsakaici | Gwaji da maimaitawa | Ba a iya | Tauri, rashin daidaito |
| Sifirin saukarwa | Tsada | Mai kyau | Sai da sabuwar shokazoba | Ana iya | Fasa kwanon mai |
| Na oda ko mai zare | Mafi tsada | Mai kyau in ana kula | Sai ƙwararre | Ana iya | Kuskuren lissafi |

Haɗarin da ya shafi dukansu

Sifirin gaban W123 dogo ne, kuma a matse yake ƙwarai ko da mota na rataye. Ana ciro shi ne da matsi na musamman mai faifai biyu da sanda da ke bi ta tsakiyarsa. Ƙugiyoyin da ake maƙalawa daga waje, waɗanda ake amfani da su a ƙananan motoci, suna iya zamewa. Dabarar sa jak a ƙarƙashin lowa am a kwance bol join a sassauto a hankali ita ma ba ta da tabbas a wannan motar, domin sifirin yana lanƙwasa ya yi tsalle da ƙarfin da zai karya hannu ko muƙamuƙi. Ka tambayi bakaniken ya nuna maka abin matsinsa kafin ka bar masa mota. In ba shi da shi, ka je wurin masu aikin Marsandi, ko don yaran garejin da za su sa hannu a wurin.

Wanne ya dace da wa

In awo ya nuna gaban bai wuce milimita 20 ko 25 a kan tsayin motar na asali ba, robar da ke ciki mai ƙulli uku ko huɗu ce, sifirin kuma lafiya lau, canza roba ya wadatar. Mai motar hawa ta yau da kullum, mai zuwa ƙauye da iyali ko doguwar tafiya, wanda gabansa ya tashi fiye da haka, ya nemi sifirin 230E, sabo in aljihu zai ɗauka, ya daidaita da roba. Wanda kuɗi ya yi wa ƙaranci kuma bai sami na hannu mai kyau ba yana iya yanke rubu'i ko rabin zagaye da giranda, ya ɗauke shi a matsayin na wucin gadi. Sifirin saukarwa na mai motar kwalliya ne da ba ta barin kwalta mai kyau, na oda kuma na wanda nauyin motarsa ya bar duk abin da kamfani ya taɓa ƙerawa.

Ko wanne aka zaɓa, a canza biyun tare, a duba bushin da bol join tunda ƙafar na buɗe, a ɗaure kusoshi mota na ƙasa, a tuƙa ta mako ɗaya ko biyu, a sake awo, sannan a kai ta saitin ƙafa a kuma daidaita fitilun gaba.